Katun ɗin ƙarfe huɗu da hannayen da suka zana shi

A majalisun Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, in hira ta gangaro kan talabijin ɗin da, ba a jimawa wani zai ambaci Voltron, wani ya ce ai Tom and Jerry ne sarki, wani ya tuno Danger Mouse ko SuperTed. Magidanta ne, wasu da furfura a gemu, wasu har sun aurar, amma sai ka ga fuska ta saki. Daga nan sai hukuncin da aka saba yankewa ya biyo baya: katun ɗin da ya fi na yanzu, domin wancan da hannu aka zana shi, wannan kuwa kwamfuta ce ta yi. Ina cikin masu wannan kewa, kuma ina ganin hukuncin yana da ƙamshin gaskiya. Amma in aka bi sawun maganar, ba a kan takarda da fenti take tsayawa ba. Tana kai mutum ne wurin waɗansu ma'aikata da muka shekara muna shan daɗin guminsu ba mu taɓa tambayar sunansu ba, waɗanda mafi yawan abin da ya burge mu a aikinsu dabara ce da ƙarancin kuɗi ya koya musu.

Sai an fara da yadda muka kalli abin, domin wani babban kaso na daɗin a nan yake. Kaduna ta samu talabijin da wuri. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, sannan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. A shekarun 1980 tashar ba ta buɗewa sai da yamma, wajen ƙarfe huɗu, kuma shirye-shiryen yara ne ke fara zuwa. Lokacin ya yi karo da makarantar Islamiyya, don haka yara da yawa da gudu suke dawowa, jaka a wuya, su tarar an ci rabi. A gidan haya mai ɗaki goma wataƙila mutum ɗaya ke da akwatin, baƙi-da-fari, mai ƙofar katako da ake zugewa. In matar gidan mai haƙuri ce a shimfiɗa tabarma a falo, in ba haka ba a yi cincirindo a taga. Eriya tana can saman dogon gora, iska ta juya ta hoto ya ɓace, sai a tura babba a cikin yara ya kama goran. Daga ciki ana ihu, "Yaya, ƙara kaɗan! Ya yi! A'a, ka wuce, dawo!" Shi kuma yana waje yana jin kiɗan shirin, ba ya ganin komai. Ga NEPA, wadda in ta ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa shi ke nan, sai gobe a makaranta wanda unguwarsu ke da wuta ya ba da labari, ya ƙara gishiri. Yaron da ke riƙe da wayar uwarsa yau, yana maimaita abin da yake so har ya gaji, ba zai ji wannan zaƙin ba ko da shirin da yake kallo ya fi namu kyau. Wannan ɓangaren na kewar babu mai zanen da zai dawo da shi.

Samanja mun san Usman Baba Pategi ne, tsohon soja, ana iya cin karo da shi a gari. Kasimu Yero na Karambana mun san shi, mun san ɗan Zariya ne. Wasan kwaikwayo kowa ya yarda aikin mutane ne. Katun kuwa ba ma kawo wa a ranmu cewa wani ne ya zauna ya yi shi. Sunayen da ke fitowa a farko ko a ƙarshe da Turanci suke, a guje suke wucewa, wani lokaci ma a datse su a sa talla.

Alhali aikin hannu ne mai cin rai. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Katun na minti bakwai hoto 10,080 ke nan, kuma ko da an bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, kamar yadda aka saba, ana bukatar zane sama da 5,000 ga halitta ɗaya tak in tana motsi daga farko har ƙarshe. Babban mai zane yana zaune gaban tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, takardunsa masu huda a gefe suna soke a 'yan ƙusoshi don kada su goce. Shi ke zana gaɓoɓin motsi: muzuru ya ɗaga guduma, muzuru ya sauke ta. Yana riƙe da takardu huɗu ko biyar a tsakanin yatsunsa, yana kaɗa su gaba da baya don ya ga ko motsin yana da rai. Mataimakinsa ya gyara layukan, masu cike tsakani su zana duk abin da ke tsakanin ɗagawa da saukewa. Daga nan a kai wani sashe inda ake kwafe kowane zane da tawada a kan fallen roba garai-garai wanda ake ganin abin da ke bayansa, a kife shi a shafa fenti ta baya, a jira ya bushe. Wani mai zanen daban ya riga ya yi ɗakin girki ko lambun da abin ke faruwa a ciki. A ɗora fallen a kan wannan, a danne da gilashi, kyamara ta ɗauki hoto ɗaya, a cire, a sa na gaba. Wani Ba'amurke, Earl Hurd, shi ya yi rajistar dabarar fallen a 1914, kuma da ita aka yi ta aiki har kusan ƙarshen ƙarnin.

Sashen tawada da fenti kusan duk mata ne. Su ke da ƙaramin albashi, kuma sunansu ba ya fitowa a fim. A 1938 kamfanin Disney ya amsa wa wata budurwa da ta nemi aikin zane da wasiƙa, cewa mata ba sa aikin ƙirƙira a wurin, sai kwafe layi da shafa fenti. Wasiƙar tana nan har yau. Duk launin tokar da ke jikin Tom, falle bayan falle, ba tare da fentin ya tsallake layi ba, hannun irin waɗannan matan ne.

Shi kansa Tom and Jerry da muke kafa hujja da shi, ba don talabijin aka yi shi ba. William Hanna da Joseph Barbera sun fara shi a kamfanin MGM a 1940 don gidajen silima, a nuna kafin babban fim, manya da yara suna zaune tare. Sun yi guda 114 zuwa 1958, wato kusan shida a shekara, ga lokaci ga kuɗi. Barbera ke tsara labari da zanen farko. Hanna ke auna lokaci, hoto nawa za a ba kowane motsi, kuma shi da kansa ya yi kururuwar nan da Tom ke kwarmawa. Duk wanda ya sake samun damar kallo, ya lura da irin wuraren da wani abu ke datse wutsiyar muzurun. Ba nan take yake ihu ba. Yana tsayawa cak, murmushin mugunta bai gama barin fuskarsa ba, ido ya juya a hankali ya dubi baya, sannan ya tashi sama da ƙara. Wannan ɗan jinkirin da bai kai sakan ɗaya ba, a nan dariyar take. In aka rage shi ko aka ja shi da 'yan hotuna kaɗan, abin ya mutu. Kenneth Muse, Ray Patterson, Irven Spence da Ed Barge su suka zana mafi yawan waɗannan motsi, Scott Bradley kuma ya tsara kiɗan da ke bin kowane taku da kowace faɗuwa.

Saboda jiki ne ke ba da labarin, shirin ya shiga gidajenmu ba tare da tafinta ba. Kaka tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta jin ko zo na Turanci, ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wannan ɓera Gizo ne sak." Ta gane labarin sarai, ta san shi tun kafin a haifi iyayenmu: ƙaramin mai wayo da ƙaton da ƙarfinsa ya fi dabararsa. A nan nake ganin ainihin gaskiyar masu cewa na da ya fi. Yawancin katun ɗin da ake yi wa talabijin daga baya surutu ne, baki ke aiki, jiki na tsaye. Ka kashe sautin ka ga in za ka gane komai. Sai dai wannan sauyin ya riga kwamfuta zuwa da kusan shekara talatin, kuma Hanna da Barbera ne da kansu suka jagorance shi.

Kafin a zo nan, akwai maganar kyauta. Tom and Jerry ya ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, sau bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunan Fred Quimby suke ɗauke da shi, shugaban sashen, mutumin da ba ya zane. In har waɗanda suka ƙirƙiri abin haka aka yi musu, ina ga mai cike tsakani da mai shafa fenti?

A 1957 MGM ta rufe sashen katun ɗinta. Ta lura sake fitar da tsofaffin yana kawo kuɗi kusan daidai da yin sababbi, ga talabijin yana kwashe masu zuwa silima. Hanna da Barbera suka kafa kamfaninsu a wannan shekarar, suka nufi talabijin, suka tarar kuɗin da ake bayarwa abin tausayi ne. Tom and Jerry guda ɗaya yakan ci sama da dala 30,000. A talabijin ƙasa da dala 3,000 aka ba su na minti biyar. Dole ta sa suka ɓullo da hanyar rage zane: gangar jiki ta tsaya a falle ɗaya, kai a wani, baki a wani, abin da ya zama tilas ya motsa kawai ake sake zanawa. Shi ya sa Yogi Bear ba riga ba wando amma ga kwala da laktaye a wuya. Kwalar ce ke ɓoye mahaɗar kai da jiki, a yi ta juya kan ba a taɓa sauran ba. Shi ya sa in Fred Flintstone yana gudu a cikin gidansa za ka ga ya yi ta wuce taga ɗaya da tebur ɗaya. Da irin wannan tsimi suka sauko da zanen katun na minti bakwai daga kusan 14,000 zuwa kusan 2,000. Chuck Jones, gwanin da ya yi suna da Bugs Bunny, ya raina wannan aiki, ya ce rediyo ne kawai aka sa wa hoto.

Ba na bin Jones har can, domin a cikin ƙuncin ne wasu suka nuna gwanintarsu. In jiki ba zai motsa sosai ba, to dole siffar ta ba da dariya tun tana tsaye. Iwao Takamoto ɗan asalin Japan ne da aka haifa a Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin ƙasar ta tsare shi da iyalinsu a sansanin Manzanar saboda asalinsu, kuma a can ya koyi zane a hannun wasu tsararrun. Bayan yaƙi ya yi aiki a Disney, a 1961 ya koma Hanna-Barbera. Da aka ba shi aikin fitar da karen Scooby-Doo a 1969, sai ya tambayi wata abokiyar aikinsa mai kiwon irin waɗannan ƙattin karnuka yadda cikakken mai kyau yake: miƙaƙƙen baya, miƙaƙƙun ƙafafu, da sauransu. Ya koma tebur ya yi akasin duk abin da ta faɗa, ya ba shi gantsararren baya da gwamen ƙafa. Karen da ka gani yana tsaye ka san matsoraci ne tun bai buɗe baki ba, daga nan ya fito. Takamoto ya rasu a Janairun 2007, makonni uku bayan Barbera.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wuraren da muka fi so su ne wuraren tsimin. Danger Mouse, wanda kamfanin Cosgrove Hall na Manchester ya fara a 1981, yakan shiga ɗaki mai duhu, allon ya yi baƙi ƙirin, idanu kawai ke ƙiftawa ana magana, ko kuma labarin ya tafi ƙasar ƙanƙara inda komai fari ne, babu abin zanawa. Mu kuwa dariya muke, muna ganin salo ne. Voltron ya fi nuna wannan. A kowane kashi sai an zo wurin da zakuna biyar na ƙarfe za su tashi sama su haɗu su zama ƙaton mutum-mutumi, ƙafafu, hannaye, sannan kai, daga baya a zaro takobi. Zane ɗaya ne ake sakawa kowane mako, daƙiƙu masu yawa da ba a biya kowa ya sake zana su ba. Amma shi muke jira. Mun haddace shi, in an fita waje a raba zakuna, kowa da karan dawarsa, a yi rigima kan wa zai zama baƙin zaki. Kuma tunda masu zanen sun san za a nuna shi sau da dama, sun zuba masa aikin da ba su zuba wa sauran ba. Dabarar ajiye zane a sake amfani da shi ta samo ƙarfi ne daga Osamu Tezuka, wanda ya fara Astro Boy a talabijin ɗin Japan a Janairun 1963, kashi ɗaya kowane mako, da zane takwas a sakan ko ƙasa da haka. Ya karɓi aikin a farashi mai rahusa ƙwarai, kuma har yau a Japan akwai masu ɗora masa alhakin ƙarancin albashin masu zane. Masu cike tsakani a can da yawansu bisa kowane zane ake biyan su, kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mun ɗauka Voltron na Amurka ne. Kamfanin Toei na Japan ne ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, kashi 52. Wani kamfani a birnin St. Louis na Amurka, World Events Productions, ya saya, ya sauya suna, ya sa Turanci, ya yanke jini da mutuwa, ya fitar da shi a 1984. Sven, ɗaya daga cikin matuƙan zakunan, da aka ce mana ya ji ciwo an kai shi jinya, a asalin labarin kashe shi aka yi. Wato masu zanen da suka fi tasiri a yarintar ɗan Kaduna suna Tokyo, kuma sunayensu da haruffan da ba ma iya karantawa suke.

Kamfanonin Amurka ma sun ga riba a wannan hanya. Zuwa shekarun 1970 sun riga sun fara tsara labari da siffofi a gida, su aika ainihin zanen da fentin zuwa Japan, Taiwan, Koriya ta Kudu da Filifin, inda ƙwadago ke da arha. James Wang ya buɗe kamfaninsa a Taiwan a 1978, Nelson Shin ya buɗe AKOM a Seoul a 1985, Hanna-Barbera kuma ta buɗe nata reshen a Manila. Ƙungiyar masu zanen katun ta Hollywood ta yi yajin aiki a 1979 ta samu alƙawarin rage fitar da aiki waje. A 1982 ta sake shiga yaji na kusan mako goma, ta sha kaye, alƙawarin ya tafi. Mutumin Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Masaƙun Kakuri, tun daga KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka buɗe a 1957, sun ciyar da dubban gidaje, kuma a cikinsu akwai masu zanen da ke fitar da furen atamfa da hannu. Iyayenmu mata sun san sunan kowace atamfa a Kasuwar Barci, ba su san wanda ya zana ta ba. Da kaya mai arha ya kwararo daga Asiya, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, mai zanen ya bi sahun sauran ma'aikata zuwa neman abin sawa a baka.

Akwai kuma abin da kewa ke sa a tsallake. A Tom and Jerry na farko-farko akwai wata baƙar mace mai jiki da ba a nuna fuskarta, sai ƙafafu da silifa da tsintsiya, tana yi wa Tom faɗa da Turancin da aka karkata don a yi dariya. Lillian Randolph ce ta yi muryar. Siffa ce ta yadda fararen Amurka na lokacin ke kallon baƙar mace. Haka in wani abu ya fashe a fuskar Tom, a wasu wuraren yakan fito baƙi da manyan leɓɓa. Baƙaƙen yara a Unguwar Shanu da Badarawa suna ƙyaƙyatawa, ba su san da su ake ba. A shekarun 1960 an sake zana wasu wuraren don talabijin ɗin Amurka, aka sa farar mace a madadinta. Hannun da ya iya auna jinkirin Tom shi ya zana wannan, kuma in za mu nuna wa 'ya'yanmu gwanintar, ya kamata mu gaya musu wannan ma.

Kwamfuta da ta shigo, ba mai zane ta fara kora ba. Matan tawada da fenti ta fara sallama, da mai kyamara. Hanna-Barbera ta soma shafa launi da kwamfuta tun shekarun 1980. A 1990 Disney ta fitar da The Rescuers Down Under ba tare da falle ba, amma motsin halittun cikinsa mutum ne ya zana da fensir. Toy Story na 1995 shi ya buɗe wata hanya daban, ta gina siffa a cikin kwamfuta a riƙa motsa ta. A Japan kuwa zanen hannu bai mutu ba, wasu a takarda, wasu a kan allon da ake zane da alƙalamin lantarki, kuma shirin Sazae-san da aka fara a 1969 bai bar falle ba sai 2013. Abin da ya tafi da fallen shi ne 'yan alamun da ke nuna hannu ya taɓa: ɗan rawar layi, ƙurar da ta maƙale, inuwar fallen a kan zanen baya. Da kuma bambancin launi. Abin da zai motsa a falle yake, fentinsa ya fi na zanen baya haske, don haka a Scooby-Doo yaro mai lura yakan nuna allon ya ce, "Waccan ƙofar ce za ta buɗe," kuma ta buɗe. Su fallen kansu kamfanoni ba su ɗauke su bakin komai ba a lokacin. Wasu an wanke su an sake amfani da su, wasu an zubar. Waɗanda suka tsira yau masu tara kayan tarihi ke saye da tsada, wanda ya zana su kuwa tuni aka biya shi ladan ranar aka sallame shi.

A namu gefen, ƙarfe huɗun ma ta watse. An ba da izinin tashoshi masu zaman kansu a 1992, shekarar da Cartoon Network ta fara nuna katun dare da rana a Amurka. Satalayit ya hau rufin gidaje, ƙannenmu suka tashi da Spacetoon da MBC3 da Larabci, 'ya'yanmu kuma da YouTube.

Shirye-shirye biyu ne ke hana ni ɗaukar wannan duka a matsayin labarin wasu can. SuperTed da muka kalla da Turanci ba da Turanci aka fara shi ba. Mike Young ya ƙirƙiro shi a 1978 don ya kwantar wa ɗansa hankali saboda tsoron duhu. Da aka buɗe tashar S4C a 1982 don masu magana da harshen yankin Wales na Birtaniya, mutanen da ba su fi rabin miliyan da 'yan kai ba, tashar ta ba da kuɗi aka zana shi a Cardiff, aka nuna da harshensu, sannan aka juya shi zuwa Turanci ya zaga duniya har ya iso mana. Masu jin Hausa sun ninka su sau da yawan gaske.

Na biyun yana kusa da mu ƙwarai. Moustapha Alassane, mutumin Nijar da aka haifa a 1942, makanike ne kafin ya shiga fim. Tun yana yaro yake nuna wa mutane zanensa da kwali da fitila. Ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin gwanin katun Norman McLaren, ya yi katun ɗinsa na La Mort de Gandji a 1965, sannan Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da duk faretin da taken ƙasa da ke tattare da ita. Zane ne mai sauƙi, baƙin layi a farin fili, amma duk wanda ya san shugabannin Afirka na bayan samun 'yanci ya gane da wa ake. A lokacin talabijin ɗin Kaduna shekararsa huɗu. Alassane ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, ya ci gaba da aiki da kayan da ya harhaɗa da kansa, har ya yi fim ɗin kokawar gargajiya da 'yan tsanar dabbobi. Ya rasu a 2015. Mun haddace launin zakunan Voltron da sunayen matuƙansu, amma maƙwabcinmu da ya riga kusan kowa a Afirka ta Yamma yin wannan sana'a, kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa.

Ba masu hannu muka rasa ba. Sashen zane na kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya yaye gwanaye tun zamanin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Kowane aji na firamare a garin nan yana da yaron da bayan littafinsa ya cika da Voltron, kuma sau da yawa bulala ya sha a kai. Wasu iyayen ɓata lokaci suke gani, wasu kuma suna duba maganar malamai kan zanen abu mai rai, wadda akwai masu tsanantawa a cikinta, akwai masu sassautawa ga abin da aka yi don yara da koyarwa. Waɗanda suka dage su ne yau ke rubuta allon shaguna, suna zana jikin manyan motoci, suna haɗa katin biki a waya. Adamu Waziri ya nuna ana iya yi a ƙasar nan da ya fito da Bino and Fino daga Abuja a 2010. Kasuwar ma akwai ta, duba yadda fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta karɓu. Sai dai ɗora murya a kan aikin da wani ya riga ya gama ya fi zana sabo arha nesa ba kusa ba, kuma lissafin a fili yake. Minti biyar a zane takwas kowane sakan zane 2,400 ne. In mutum yana fitar da 30 a yini, kwana 80 zai yi yana zaune, yana bukatar abinci da wuta da kuɗin haya, kafin a samu abin da yaro zai kalla ya gama kafin a kira Magariba. Da dabarar Hanna da Barbera za a rage adadin sosai, kwamfuta kuma ta ɗauke fenti da kyamara. Amma Hanna da Barbera sun samu kamfanin Screen Gems da ya zuba kuɗi tun kafin su zana layi ɗaya, Tezuka yana da tashar Fuji da kamfanin alewa mai ɗaukar nauyi, Mike Young yana da S4C. Matashin da ke zane a Rigasa yana da waya, yana da hannu, yana da tatsuniyoyin kakarsa. Tashoshin da ke garin nan da kamfanonin da ke ba su talla su ne za su iya sayen kashi goma sha uku tun kafin a zana su, su biya albashin mutum biyar ko shida na watannin da aikin zai ɗauka, su kuma bar sunayen su gama wucewa a ƙarshen shirin kafin a sa talla.